Zafin Injin Jirgin Ruwa: Yadda Ake Bin Sawun Abin da Agogo Ya Nuna

1. Gabatarwa

Wani abin mamaki game da jirgin ruwa mai inji shi ne, ruwa ya kewaye shi ta kowace fuska, amma ƙishirwa tana cikin manyan abubuwan da ke kashe injinsa. 'Yar ledar da aka yar a bakin kasuwa, ko ɗan guntun roba wanda bai kai farcen babban yatsa ba, sun isa su hana inji shan ruwa alhali yana tsakiyar kogi.

In mota ta yi zafi, direba yakan ratse gefen hanya, fasinjoji su sauka su nemi inuwa. Shi kuwa jirgi ba shi da gefen hanya. In injinsa ya mutu, igiyar ruwa da iska su ne za su zaɓa masa inda zai nufa, da shi da dukan rayukan da ke cikinsa. Wannan ba baƙon al'amari ba ne ga mutanen Yawuri da sauran garuruwan bakin Tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar ruwa a 1968, tsawonsa kuma ya haura kilomita 130. Haka yake ga masuntan Tafkin Chadi, da masu hawa Kwara da Binuwai daga Lakwaja, inda hedkwatar hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida take, wadda aka kafa a 1997.

Makasudin wannan lacca shi ne bayyana abin da ya kamata a yi sa'ad da allurar agogon zafi ta hau. Maganar ta shafi matuƙi da makaniki, ta kuma shafi ɗalibi mai koyon aikin inji, da ma'aikacin gwamnati wanda takardar neman kuɗin gyara take biyowa ta teburinsa. Jigon bayanin guda ne: agogo mai ba da shaida ne. Mai ba da shaida kuwa ana sauraronsa nan take, sa'an nan a binciki gaskiyarsa, in ta tabbata a bi sawun laifin daki-daki. Wanda ya tsallake ɗaya daga matakan nan uku, ko dai ya ƙona inji, ko ya ƙona kuɗi.

2. Asalin zafin da hanyoyin kawar da shi

Inji yana aiki ne da wuta. A ƙiyasin da masu aikin inji suka saba amfani da shi, ƙarfin da ke cikin man da inji ya ƙona yakan rabu kashi uku: kashi ɗaya ya juya farfela, kashi ɗaya ya fice tare da hayaƙi, kashi na uku kuwa ya shiga jikin ƙarfen injin. Wannan kashi na uku shi ne tilas ruwa ya kwashe shi ba tare da yankewa ba. In ya taru, fistin ya kumbura ya kama bangon silinda, baƙin mai ya tsinke ya kasa hana gogayya, kan silinda ya lanƙwashe ko ya tsage.

Mota tana zubar da zafinta a cikin iska ta hanyar lagireto. Jirgi kuwa a cikin ruwan da yake tafiya a kai yake zubar da nasa, ta ɗaya daga hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce ta kai tsaye. Famfo ya tsotso ruwan kogi, ya tura shi cikin jikin inji, ruwan ya fice ta salansa. Haka injunan da ake rataya wa kwalekwale a baya suke aiki, irin su Yamaha da Suzuki. Irin wannan inji ana hana shi wuce wajen digiri 60 a ma'aunin Salshiyos, domin in ruwa mai gishiri ko mai kanwa ya wuce haka, yakan bar dasashi a cikin hanyoyinsa, kamar yadda ake gani a gindin butar shayi.

Hanya ta biyu mai zagaye biyu ce, ita ce kuma ta mafi yawan injunan dizal da ake girkawa a cikin jirgi. Akwai ruwan ciki, mai tsabta, gauraye da maganin hana tsatsa, wanda yake kewaya inji ba ya fita. Akwai kuma ruwan waje, watau na kogi. Ruwayen biyu suna haɗuwa a tukunyar musayar zafi, amma ba sa cakuɗuwa: na kogi yana bi ta cikin damin ƙananan bututu na tagulla, na ciki yana bi ta bayansu, zafi yana ratsa bangon bututun. Irin wannan inji yakan yi aiki a tsakanin digiri 80 da 90.

Hanya ta uku ita ce a shimfiɗa bututu a ƙarƙashin jirgi daga waje, ruwan ciki ya riƙa bi ta cikinsu, kogi yana shafar su. An fi yin haka ga jiragen aiki masu bin ruwa mai laka, domin ruwan kogi ba ya shiga inda zai toshe wani abu.

Matakin bincike na farko ke nan tun kafin a bar gaɓa: a san wace hanya ce injin yake bi, da adadin zafin da littafin kamfaninsa ya ce shi ne daidai. Digiri 85 lafiya ne ga inji mai zagaye biyu, amma ga mai shan ruwa kai tsaye alamar haɗari ce.

3. Yadda labari ke isa ga allura

Agogon da ke gaban matuƙi bai taɓa jin zafin inji ba. Labari ake kawo masa. A jikin inji, galibi kusa da tamostat, akwai wani ɗan ƙarfe da aka ɗaura, bakinsa yana cikin ruwa. Za a kira shi ɗan aike a wannan bayani. A cikinsa akwai wani sinadari mai turjiya ga wutar lantarki, turjiyar kuwa tana raguwa gwargwadon ƙaruwar zafi. Alal misali, wani ɗan aike na kamfanin VDO wanda ya yaɗu ƙwarai yana da turjiyar kusan om 290 a digiri 40, amma a digiri 120 ba ta wuce kusan om 23 ba. In turjiya ta ragu, wuta ta ƙaru a waya, allura ta hau.

Watau ke nan allura ba zafi take aunawa ba, wuta take aunawa. Duk abin da ya ƙara wutar da ke bin wannan waya zai ɗaga allura ko da inji yana da sanyi ƙalau. Duk kuma abin da ya rage ta zai kwantar da allura ko da inji yana dahuwa. Saboda haka agogo yana iya yin ƙarya iri biyu, ta biyun kuwa ta fi muni. In ruwan ciki ya tsiyaye har ya bar bakin ɗan aike a cikin iska, allura tana iya komawa ƙasa a daidai lokacin da kan silinda yake ƙonewa. Allurar da ta hau sa'an nan ta faɗo da kanta ba tare da an gyara kome ba, abin tsoro ce.

Waɗansu injuna suna da mai shaida na biyu, watau ƙararrawa mai nata makunni dabam. Yawancin ƙananan injunan kwalekwale ba su da agogo ko kaɗan. Abin da suke da shi shi ne ɗan tsirirrin ruwa da ke fita ta gefe, a waɗansu kuma akwai ƙara ko fitila, har injin ya rage gudu da kansa.

4. Mataki na farko: a saurari shaida

Sa'ad da allura ta hau, ba lokacin gardama da agogo ba ne. Asarar da za a yi in an gaskata agogo mai ƙarya ita ce jinkirin 'yan mintoci. Asarar da za a yi in an ƙaryata mai gaskiya ita ce inji sukutum.

Abin yi shi ne a sassauta totur nan da nan, a duba inda jirgi yake. In yana kusa da duwatsu ko ruwa mai ƙarfi, a lallaɓa shi zuwa wuri mai dama a jefa anga, domin lafiyar mutane tana gaba da ta inji. Daga nan a leƙa salansa. In ruwa yana fita kamar yadda aka saba, agogon baƙin mai kuma yana daidai, a cire giya a bar injin yana juyawa a hankali na 'yan mintoci, a ga ko allura za ta sauko. Wannan ya fi kashe shi farat ɗaya, saboda in famfo ya tsaya, zafin da ke cikin ƙarfe yakan taru a wuri guda. In kuwa ba ruwa a salansa, ko ƙarar injin ta koma busasshiya mai amo, ko aka ji ƙaurin roba, a kashe shi ba tare da jira ba. Dalili shi ne, hayaƙin dizal yana fita da zafin digiri ɗari huɗu ko fiye, ruwan kogi ne yake sanyaya shi kafin ya shiga tiyon roba. In ruwan ya yanke, tiyon yana iya ƙonewa tun kafin allura ta motsa sosai, ƙonewarsa kuwa tana iya jawo gobara, ko ta buɗe wa kogi ƙofar shiga jirgi.

Abubuwa biyu ne aka hana a wannan hali. Kada a buɗe murfin tankin ruwan ciki yana da zafi. Murfin yana riƙe da matsi ne domin ya hana ruwa tafasa a digiri 100. Mai ƙarfi daga cikinsu yakan kai ruwan har wajen digiri 120 bai tafasa ba. In aka buɗe, matsin ya tafi, ruwan ya tafasa gaba ɗaya ya watsu a fuskar mai buɗewa. Kada kuma a kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi, domin ƙarfen yana iya tsagewa.

5. Mataki na biyu: a binciki mai shaida

Yanayin hawan allura shi kansa yana ba da labari. Inji tarin ƙarfe ne da ruwa, ba ya ɗaukar zafi cikin ƙiftawar ido. Allurar da ta yi tsalle daga tsakiya zuwa ƙarshe a daƙiƙa guda, ko take rawa in jirgi ya bugi igiyar ruwa, ko take motsawa in an kunna fitilu, maganar waya take yi. Mai hawa sannu a hankali kuwa, musamman in ƙararrawa ta goyi bayanta, maganar ruwa take yi.

Gani ya kori ji. Hanya mafi sauƙi ta tabbatarwa ita ce a auna zafin da wani ma'auni dabam. Akwai ɗan ma'aunin hannu mai kama da bindiga, wanda ake nuna wa abu ya faɗi zafinsa ba tare da an taɓa ba. A nuna shi ga gidan tamostat da gindin ɗan aike, daga kusa. Sai dai a kula, ƙarfe mai sheƙi yakan ruɗe shi ya faɗi ƙasa da gaskiya, saboda haka a zaɓi wuri mai fenti. In ma'aunin hannu ya ce 82, agogo kuma ya ce 110, to, inji ba shi da laifi.

In zargi ya koma kan agogo, ga yadda ake rarrabewa a agogon allura na gargajiya. Da safe, kafin a ta da inji, a murɗa makulli: ya kamata allura ta zauna ƙasa. Sa'an nan a cire wayar da ke kan ɗan aike. In allura ta tsaya a sama duk da haka, wayar ta goge ta taɓa ƙarfe a wani wuri, ko kuwa agogon ya lalace. In ta zauna ƙasa, a ɗan taɓa bakin wayar a jikin inji na daƙiƙa guda: ya kamata ta haura ƙarshe. In ta yi duka biyun, agogo da waya lafiya suke, saura ɗan aike. Wannan gwaji bai halatta ba a injunan zamani masu kwamfuta, domin yana iya lalata ta. Su ana karanta su ne da na'urar kamfaninsu.

Akwai kurakurai uku da suka yawaita bayan gyara. Na farko, a haɗa ɗan aiken wani kamfani da agogon wani, alhali ma'aunin Amurka da na Turai ba ɗaya ba ne. Na biyu, a sa ɗan aiken da aka ƙera domin agogo biyu a jirgi mai agogo ɗaya; turjiyarsa rabi ce, saboda haka allura za ta riƙa nuna fiye da gaskiya kullum. Na uku, a naɗe zaren ɗan aike mai waya ɗaya da farin tef har ya rabu da jikin inji, wanda ta nan ne wutarsa take komawa. Wannan yakan kwantar da allura. Baya ga waɗannan, tsatsa a wayar negatif ta bayan agogo sananniyar cuta ce a wurin da ke da laima. Tambayar da ta kamata a fara yi kullum ita ce: me aka taɓa a injin nan kwanan baya?

6. Mataki na uku: a bi ruwan kogi daga mashiga zuwa mafita

In ta tabbata zafin gaskiya ne, ruwa ba ya tsami banza. Ƙa'idar ita ce a bi hanyar ruwa kamar yadda shi kansa yake bin ta, ba tare da tsallake ko da zango ɗaya ba. An yi sa'a, zangunan farko su ne mafi yawan laifi, su ne kuma mafi arha.

Zango na farko shi ne mashiga. A tabbata bawul ɗin ƙasan jirgi a buɗe yake, domin sau da yawa akan rufe shi lokacin gyara a manta. Leda, da kainuwa, da ciyawa suna manne wa bakin mashiga saboda tsotson famfo, wani lokaci kuma su saki da zarar an kashe inji. Shi ya sa akan ga zafi ya zo ya tafi ba a ga dalili ba. A injin kwalekwale, mashigar 'yan ramuka ce a ƙafar injin, sama da farfela. In an ɗaga injin da yawa saboda ƙarancin ruwa, ramukan sukan fito sarari su sha iska.

Zango na biyu shi ne rariya. A wanke kwandonta, a kuma duba robar murfinta. Murfin da bai zauna daidai ba ba ya ɗigar da ruwa, iska yake tsotsa, famfo kuwa ya fi son iska saboda ta fi sauƙin ja. A duba tiyon da ke tsakanin rariya da famfo: in ya tsufa yakan lotsa ya manne sa'ad da inji yake gudu, ya koma daidai in an sassauta.

Zango na uku shi ne famfo, a cikinsa kuma akwai imfela, watau 'yar fankar roba mai fukafukai. Ruwan da take turawa shi ne man shafawarta. In ta juya a bushe, ko na ɗan lokaci kaɗan ne, fukafukan sukan ƙone su karye. Wannan ya sa ta da injin kwalekwale a kan tudu domin a ji ƙararsa ɓarna ce babba. Yashi kuma yana cin ta, yana cin murfin famfon. A nan yanayin Kwara yana da muhimmanci. Kogin yana cika sau biyu a yankin Kainji: akwai farar ambaliya ta damina, mai ɗauke da laka daga ruwan saman yankin, akwai kuma baƙar ambaliya wadda take isowa da sanyin hunturu daga tsaunukan Gini, bayan ta sauke lakarta a fadamun Mali. Imfelar da ta yi aikin damina ta sha wuya fiye da wadda ta yi na rani, ƙarshen damina kuwa lokaci ne mai kyau na duba ta. In an tarar da fiffike ya karye, tilas a ƙirga, a nemo kowane guntu. Guntayen suna gaba, sun tsaya a bakin bututun tukunyar musayar zafi, sabuwar imfela kuwa ba za ta cire su ba.

Zango na huɗu shi ne ita tukunyar, tare da masanyayar mai in akwai. A buɗe murafenta na gefe, a haska fitila ta cikin bututun. Laka, da dasashi, da ɓarɓashin sandar tutiya da ake sawa domin hana tsatsa, duk suna taruwa a nan.

Zango na ƙarshe shi ne gwiwar salansa, inda ruwa yake haɗuwa da hayaƙi. Tsatsa da baƙin hayaƙi sukan rage faɗin ƙofar sannu a hankali cikin shekaru. Ruwan da ba shi da mafita kuwa ba zai shiga ba, ko da duk abin da ke bayansa sabo ne.

Game da tsirirrin injin kwalekwale, shi ma mai shaida ne, yana kuma iya kuskure. Zanzaro yakan gina ɗakinsa a bakin ramin in an ajiye inji, ruwa ya ƙi fita alhali famfo lafiya yake. Siririyar waya ta isa magani. Haka kuma tsirirrin yana iya fita da ƙarfi alhali inji yana zafi, domin abin da yake nunawa kawai shi ne famfo yana turo ruwa. Bai ce ruwan ya ratsa kan silinda ba.

Gargaɗi guda kafin a bar wannan sashe: in injin cikin jirgi ya ƙi tashi ana ta murɗa makulli, famfo yana ci gaba da zuba ruwa a salansa ba hayaƙin da zai kore shi. Ruwan yana iya cika ya koma cikin silinda. A rufe bawul ɗin mashiga har inji ya kama, sa'an nan a buɗe nan take.

7. Ruwan ciki

In ruwan kogi yana gudana sosai amma zafi bai sauka ba, sai a juya ga zagaye na ciki, bayan inji ya huce. A duba yawan ruwan. In ya ragu, a nemi inda ya bi, domin ruwan da ke rufe ba ya raguwa haka kawai. A duba fanbel, wanda yake juya famfon ciki: in ya saki yakan zame, a ga baƙin gari a kewayensa. A duba murfin tanki, domin in robarsa ta mutu ba zai riƙe matsi ba. In an canja ruwa kwanan nan, mai yiwuwa iska ta maƙale a ciki.

Sai tamostat. Shi ɗan ƙofa ne mai kaki a cikinsa. In ruwa ya yi zafi kakin ya narke ya kumbura, ya tura ƙofar ta buɗe. Gwada shi ba wuya: a rataya shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta tare da ma'aunin zafi, a ga ko zai fara buɗewa a adadin da aka buga a jikinsa. Al'adar nan ta cire tamostat a yar, bisa hujjar cewa ƙasar zafi ba ta bukatarsa, kuskure ce. Injin da ba ya kai zafin aikinsa yana shan mai da yawa, yana tara baƙi, yana saurin cinyewa. Bugu da ƙari, a waɗansu injuna tamostat ne yake rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji. In babu shi, ruwa ya bi gajeriyar hanya ya ƙi zuwa tukunya, zafin ya ƙaru.

Daga ƙarshe ne ake zargin gasket na kan silinda. Alamominsa su ne kumfa mai tasowa a tankin ruwa ba ƙaƙƙautawa, da raguwar ruwa ba tare da an ga yoyo ba, da farin tururi mai yawa a salansa, da baƙin mai da ya koma kamar madara. Sau da yawa ƙonewar gasket sakamakon zafi ce. Wanda ya canja shi bai gano abin da ya fara kawo zafin ba, zai sake sayen wani.

8. In hanyoyin ruwa duka lafiya suke

Wani lokaci laifin ba na sanyaya ba ne, inji ne ake sa wa aikin da ya fi ƙarfinsa. Lodin da ya wuce kima, da tsumman taru ko igiya da ta naɗe farfela, da gansakuka a gindin jirgi, da farfelar da ta fi girman injin, duk suna sa shi ƙona mai da yawa a gudu kaɗan. Alamar ita ce baƙin hayaƙi, da kasa kai iyakar juyin da kamfani ya rubuta. A tuna kuma ruwan tafkunan ƙasashe masu zafi yakan kai kusan digiri 30 a bazara. Tukunyar da ta toshe rabi tana iya wucewa da hunturu, asirinta ya tonu a watan Afrilu.

Lokacin da zafi yake zuwa yana taƙaita bincike. Zafin da ya zo farat ɗaya yana nuni ga leda, ko fanbel da ya tsinke, ko imfela da ta watse. Wanda yake ƙaruwa kaɗan-kaɗan cikin makonni yana nuni ga toshewar tukunya ko gwiwar salansa. Wanda ke zuwa sai an taka totur yana nuni ga ƙuntatar hanya ko nauyin lodi. Wanda ke zuwa in inji yana juyawa a hankali, ya tafi in an ƙara wuta, yana nuni ga famfon da ya cinye ko iska a hanyar tsotso.

9. Kammalawa

Duk wannan bincike ya dogara ne ga sanin yadda injin yake sa'ad da yake lafiya. Saboda haka kowane jirgi, musamman na hukuma wanda matuƙa suke karɓa-karɓa, ya kamata ya kasance da littafin da ake rubuta awoyin aiki, da inda allura take tsayawa a gudun da aka saba, da ranar da aka canja imfela. Bambancin digiri biyar da aka gani a littafi yana iya ceton injin da ƙararrawa ba za ta cece shi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya: imfela ta ajiya da robar murfinta, da fanbel, da kayan kwance su, wurinsu cikin jirgi ne. A kwaɓe su a sito a hedkwata ba shi da amfani ga wanda ke tsakiyar tafki.

Jami'in da aka kawo wa takardar neman sabon kan silinda ko sabon inji saboda zafi, ba sai ya zama makaniki ba kafin ya yi aikinsa. Ya isa ya yi tambaya uku. An auna zafin da wani ma'auni ban da agogon jirgin? An bi hanyar ruwa daga mashiga zuwa salansa, me aka gani a kowane zango? In imfela ce ta karye, ina guntayen? Makanikin kirki zai amsa su cikin sauƙi, har ya ji daɗin an tambaye shi. In an rasa amsa, to, ba a gama bincike ba, takardar kuma ba ta isa sa hannu ba tukuna.